Barsu da Totuwar Kwalbar Inna

Wani jan kare na gani a bakin bola, bayan gidan ɗana inda nake zaune yanzu a Ƙanƙara, shi ya fama mini tsohon miki. Ya durƙusa yana nishi, haƙarƙarinsa duk a waje, ga wata baƙar leda tana reto a bayansa, ta kasa fita ta kasa komawa. Ba sai an gaya mini abin da ya faru ba. Wani ne ya ci awara ko alale ya yar da ledar da maiƙonta, yunwa ta sa karen ya haɗiye har ledar. Yaran unguwa sun kewaye shi da duwatsu, duk wanda ya same shi sai a yi shewa. Yaran ba su ƙona mini rai kamar manyan da ke zaune a kan benci ba, wasunsu har da carbi a hannu, suna dariya sai ka ce 'yan kama aka kawo musu. Na daka wa yaran tsawa suka watse, na shiga gida na ce wa ɗana ya nemo mai babur a kai dabbar nan wurin likitan dabbobi. Ya yi mini irin kallon da ake yi wa tsohon da ake zaton ya fara ruɗewa, ya ce, “Baba, kare ne fa.” Kafin in gama faɗa in sake fitowa, karen ya ja jiki ya shige wani kango, ban ƙara ganinsa ba.

Kare ne fa. To da me na ce, raƙumi? Wannan magana ta tsaya mini a rai kwana da kwanaki. Ni na san inda karnukan nan suka fito, ba daga sama suka faɗo ba. Na ƙauye ne, irin namu. Lokacin da zaman ƙauye ya gagara, kowa ya ɗauki abin da kansa zai iya ɗauka ya gudo gari, su kuma suka biyo ƙafar masu su, don kare bai san an sallame shi ba. Da aka iso, gidan haya ba ya ɗaukar mutum da karensa, sai aka rufe ƙofa aka bar su a titi. Karen da ya yi shekaru yana haushi don mai gida ya samu ya tsallake katanga da ransa, yau shi ne abin jifa. Ba na zargin wanda ya gudu, ni ma gudun na yi, da tsufana. Amma gudu daban, butulci daban. Kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya a kan najasar kare, in ka bincika, ba ka taɓa jin ya tuna da abin da malamai suka sha karanta mana ba, na wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Mu ba haka muka tashi ba. Ƙauyenmu yana gindin duwatsu, a ƙasar Faskari, tafiyar hantsi zuwa 'Yankara. In na rufe ido har yanzu ina jin safiyarsa: lugude daga gidaje uku a lokaci ɗaya, kowace mace da irin nata sautin taɓarya, har kana iya cewa wance ce ta makara yau. Zabi suna ta surutunsu a bayan danga, guga yana bugun bakin rijiya, wani yana wasa fartanya a kan dutse. Ranar gayya kuwa tun kafin ka sha kunu gangar noma ta fara kiran sunan kakannin mutane, ka ga dattijo mai ciwon baya ya miƙe kamar ba shi ba. Da rani ƙahon mafarauta ne, in ya tashi daga bakin daji sai karnukan gari duka su amsa, mata su leƙo ta kan danga. Yanzu dajin nan ba mai shigarsa sai wanda aka shiga da shi, kuma sautin da ya rage a can shi ne ƙarar babura, wanda in an ji shi ba leƙowa ake yi ba. Jikokina ba su san ƙaho ba, na kwatanta musu suka ce ko irin na motar haya ne.

A gidanmu kare yana da kaskonsa kamar yadda kowa yake da akushinsa. Inna ba ta sauke tukunya ba tare da ta kankare ƙanzo ta jiƙa masa ba, kuma in an yi baƙo tuwo ya gaza, daga namu ake ragewa, ba daga nasa ba. Mahaifinmu, wanda muke kira Baba, mutum ne mai tsare salla, ba ya barin kare ya kusanci buta ko buzunsa, in ya lashi ƙwarya a wanke ta yadda addini ya ce. Amma bai taɓa ɗaga masa sanda ba. Yakan ce wanda ya kwana a waje don ka kwana a ɗaki, ba ka da bakin zaginsa. Karenmu baƙi ne mai farin ƙirji, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a karye. Baba ya raɗa masa suna Bar-su-su-faɗa, habaici ne ga wasu dangi da suka sa shi a baki a lokacin, mu kuma muka gajarce muka ce Barsu. Tun yana ɗan kwikwiyo aka damƙa mini shi. Ni ke zuba masa ruwa, ni ke cire masa kaska a kunne, in zan tafi yankan ciyawar awaki yana gaba ina baya. Har na zama saurayi, gemu ya fara tsiro ɗaya-ɗaya, mutane ba su daina cewa in ka ga Barsu ka ga wane ba.

A bayan dutse akwai gidan wani tsoho Bamaguje da duk muke ce wa Kaka. Ba ya salla, ba ya kuma ɓoye tulun giyarsa, amma ba a yin gayya ba tare da 'ya'yansa ba, kuma in matarsa ta dafa kabewa sai ta aiko wa Inna. Shi ne ya san dabba. Akuya ta kumbura, jaki ya ƙi tashi, kare ya taka ƙaya, wurinsa ake zuwa, kuma bai taɓa tambayar wace alƙibla mai dabbar yake kallo ba. Yana da yatsu masu kauri kamar turame, amma in ya ɗora su a jikin dabba sai ka ga ta yi lamo. Jikokinsa yanzu wasu suna coci wasu suna masallaci, duk sun watse, wasu Sabuwa wasu Funtuwa. Na haɗu da ɗaya a tasha, ya gaishe ni da ladabi, amma da na tambaye shi ko ya gaji hannun kakansa sai ya yi dariya ya ce shi waya yake gyarawa.

A shekarun ne masara ta fara fita daga bayan gida ta shiga gona. Da can 'yar kaɗan ake shukawa a gefen danga don yara su gasa, dawa da gero su ne abinci. Da takin zamani ya zo sai kowa ya ruɗe, daga Mairuwa har Damari ba ka ganin komai sai ita. Birai ma suka ji labari. Gonarmu tana jingine da dutse, don haka da zarar masara ta fitar da gemu sai a kafa mini rumfa a tsakiya, ni da Barsu mu wuni muna kora. Shi ke ganinsu tun kafin su sauko, ni nawa ihu ne da majajjawa. Totuwar masara kuwa ba a yar da ita a lokacin. Da ita ake hura wuta, da ita ake goge tukunya, da ita ake cuɗa kaushin ƙafa, kuma duk kwalbar da ke gidan, ta mai ce ko ta kananzir, da guntun totuwa ake toshe bakinta. Sai a fere ta da wuƙa daidai bakin kwalbar a cusa. Ta kwalbar mai takan sha maiƙo har ta yi laushi ta yi baƙi. Ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa wannan 'yar aba tana iya zama ajalin wani.

Ranar kasuwar 'Yankara ce, ƙanen Baba ya karɓe ni tsaron gona don in je in sayo gishiri. Gishiri dai shi ne dalilin da aka sani. Dalilin da ba a sani ba, wata yarinya ce mai sayar da dafaffiyar gyaɗa a kusa da 'yan tukwane, wadda na yi wata biyu ina sayen gyaɗarta ban iya ce mata komai ba sai “nawa-nawa.” Na yi wanka na sa rigata ta salla, na dubi ƙafafuna na ga sun yi furu-furu kamar na wanda ya kwana a toka. Inna ta tafi rijiya. Na shiga ɗakinta, abin da ban taɓa yi ba in ba ta nan, na ga wata kwalbar man gyaɗa a bayan randa, na ɗauko na zagaya bayan rumbu. Na cire totuwar na ajiye a ƙasa, na shafe ƙafa da hannu har da wuya, ina ta ƙyalli. Sai na ji muryar Baba a zaure. Na dire kwalbar na ruga na gaishe shi, ya tsare ni da saƙon da zan kai wa wani mai sayar da igiya, ya maimaita mini sau uku kamar yadda ya saba. Da na dawo bayan rumbu, kwalbar tana kwance, man ya tsiyaye, Barsu yana lasar ƙasa. Ina kallo ya ɗauki totuwar a baki, na ce “kai,” ya ɗaga kai ya haɗiye ta gaba ɗaya.

Na san ya haɗiye, da idona na gani, wannan ba zan taɓa iya yi wa kaina ƙarya a kai ba. Amma abin da ya cika mini ciki a lokacin kwalbar ce. Baba ba ya wasa da ɗauke-ɗauke, yakan ce hannun da ya saba da ƙwai wata rana akuya zai kwance. Bulalar ma da sauƙi. In maganar ta fita, sai an tambayi me na yi da man, kuma samarin garinmu in suka samu irin wannan sai sun yi maka waƙa da ita har ranar aurenka. Na tura ƙasa a kan maiƙon da ƙafa, na cusa kwalbar a ƙarƙashin rumbu, na ce a raina kare ai ƙashi ma yana haɗiya ya kwana lafiya. Na tafi kasuwa ina sheƙi. Yarinyar ma ba ta zo ba ranar.

Washegari Barsu ya shinshina kaskonsa ya juya. Ya tafi gefen danga ya ci ɗanyar ciyawa ya amayar, aka ce ai haka kare yake wanke cikinsa. A gona bai kori biri ko ɗaya ba, ya kwanta a ƙarƙashin rumfa, can ya tashi ya kafa ƙirji a ƙasa ya ɗaga baya sama, ya daɗe a haka yana numfashi da ƙyar. In ya sha ruwa, kafin ya yi taku goma ya dawo da shi, rawaya mai kumfa. Ya yi ta zagaye yana tsugunawa yana nishi, ba abin da ke fita. Kwana na biyu Baba ya duba shi daga tsaye ya ce cikinsa ne ya ɗaure, a yi masa abin da ake yi wa mutum. Aka dafa filasko, ganyen nan mai sa gudawa, aka jefa jar kanwa, aka ce in riƙe shi. Ni na riƙe shi. Ni na buɗe masa baki da hannuna aka ɗura, yana kallona, bai ko yi yunƙurin cizo ba don ni ne. Ina sane da cewa abin da ke cikinsa ba tuwo ba ne da filasko zai kora. Bayan ɗurin cikin ya ɗauki ƙugi, ya kumbura ya yi tauri, Barsu ya yi wani kuka siriri da ban taɓa jin irinsa ba, ya rarrafa ƙarƙashin rumbu ya kwanta, kusa da inda na ɓoye kwalbar.

Kwana na uku magana ta zaga gari cewa karen gidanmu ya haukace. Wani ya ga yawu yana dalala daga bakinsa, wani ya ce ya ga idonsa ya juye, wata ta rantse ya bi ɗanta, alhali dabbar ko tsayuwa ba ta iya yi. Da hantsi maza biyar suka yi sallama da sanduna. Ba mugaye ba ne, a shekarun baya mahaukacin kare ya taɓa cizon wani a garin, kuma sun ga irin mutuwar da ya yi. Baba ya roƙe su su dakata a kira Kaka, in ya ce hauka ne to ba shi da ja. Ni aka aika. Na yi gudun da ban taɓa yi ba, kuma duk tsawon hanyar dawowa, ina biye da tsohon nan yana dogara sandarsa, bakina ya cika da maganar amma na kasa furta ta.

Kaka bai ko dubi masu sandunan ba. Ya ce a kawo ruwa a kasko, ya ajiye a bakin rumbu. Barsu ya jawo jiki ya kafa kai yana sha kamar zai haɗiye kaskon, sannan ya amayar. Kaka ya juya ya ce musu, “Ku tahi gida. Mahaukacin kare ba shi kusantar ruwa. Wanga ƙishirwa ke cin shi, abu ne ya tsaya mashi a ciki.” Suka saɓa sandunansu suka fita, wasu da jin kunya, wasu kamar an hana su wani abu. Sai ya zauna a ƙasa ya jawo karen kan cinyarsa. Ya ɗaga leɓensa ya dubi dasashi, ya ga ya bushe ya yi fari. Ya ja fatar wuyansa ya saki, ta tsaya a tattare ba ta koma ba. Ya kara kunne a cikin ya daɗe yana saurare, sannan ya bi shi da yatsu a hankali tun daga haƙarƙari, har ya iso wani wuri da Barsu ya zabura. Da aka gaya masa an yi ɗurin filasko sai ya girgiza kai, ya ce in hanya ta toshe ba a ƙara mata kaya. Daga nan ya ɗago ya dube ni.

“Samari, kai ke wuni da shi. Mi ya haɗiya?”

Baba yana tsaye, Inna tana bakin madafa tana ji. Na ce ban sani ba. Ya sake tambaya ko ƙashi ne, ko ƙwallon mangwaro, ko tsumma, ya ce kowanne da yadda ake bi da shi. Na ce wallahi ban gani ba. Na haɗa da rantsuwa, a gaban mutumin da ba ya salla, kuma shi ne mai gaskiya a wurin. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, kamar da karen yake, barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Ya bar mana ka'ida: kada a ba shi abinci ko loma, kada a ƙara ɗura masa komai, ruwa kuma ba a kasko ba, a jiƙa tsumma mai tsabta a riƙa matsa masa a gefen baki kaɗan-kaɗan, a kwantar da shi a inuwa, a kore masa ƙuda.

Na yi duk wannan, har na wuce. Na shimfiɗa masa buhu a gindin tsamiya, na wuni ina matsa tsumma, ina juya shi in gefe ɗaya ya gaji, ina goge masa baki. Mutane suna wucewa suna yaba mini, wai dubi yadda yaron nan yake son karensa. Kowane yabo kamar an watsa mini barkono. Barsu kuwa duk lokacin da na taɓa kansa sai ya motsa wutsiya sau ɗaya, iyakar ƙarfinsa ke nan. Da safiyar kwana na huɗu na ga idonsa ya faɗa, numfashinsa ya koma sama-sama, na tashi na nufi bayan dutse ba wanda ya aike ni. Na tarar da Kaka yana gyaran ƙotar gatari. Ban ko gama gaisuwa ba na ce, “Kaka, totuwa ce. Ta bakin kwalbar mai. A gabana ya haɗiye ta, ran kasuwa.”

Bai yi mamaki ba, bai kuma zage ni ba, ya ajiye gatarin ya tambayi girmanta. Na nuna masa a babban yatsana. Sai ya ce, “Da ran nan ka hwaɗi, tun tana tumbi, da mun sa ya maido ta. Yanzu ta gangara hanji, kun kuma kora ta da magani. Totuwa ba ta narkewa, samari. Hannuna bai kai can.”

Iyakar ilimin zamaninmu ke nan, kuma mai shi ya faɗi iyakarsa ba tare da ya yi mana ƙarya ba. Abin da ke tafasa mini jini shi ne yanzu hannu yana kaiwa can. Na ji da kunnena daga bakin likitan dabbobi cewa ana sa kare barci a buɗe cikinsa a ciro abin da ya toshe, a ɗinke, a ƙara masa ruwa ta jijiya, bayan kwanaki ya tashi yana haushi, in dai an kai shi da wuri. Abin da Kaka zai ba da gonarsa don ya iya, ga shi nan a cikin gari, babur yana kai ka. Amma wa ake kai wa? Karnukan masu kuɗi, irin na ƙasashen waje da ake ajiyewa a keji, waɗanda suke cin abin da mai gadinsu bai ci ba. Namu na gida, mai kunne a karye, wanda ya san warin kowane ɗan gida, shi sai dai leda da dutse. Kuma ledar nan mu muka watsa ta. Da a ganye ake ƙunshe abinci, in ka yar akuya ta cinye ta yi maka godiya. Yanzu ka tsaga cikin tunkiya a mahauta ka ga abin da ke fitowa, amma ba wanda ya fasa jefarwa, sai dai a ce Allah ya kawo ajali.

Kaka ya biyo ni duk da haka. Ya zauna tare da ni a gindin tsamiya, ya karɓi tsumman yana matsawa da kansa, yana yi wa Barsu magana ƙasa-ƙasa, yana kiransa da kirarin da mafarauta ke yi wa karnuka, alhali Barsu bai taɓa kama abin da ya wuce gafiya ba. Bai gaya wa Baba abin da na faɗa masa ba, ya ce wannan kayana ne, ni zan sauke. Bayan azahar Barsu ya yunƙura kamar zai tashi, ya kai gaban ƙafafuna ya ɗora haɓarsa a kai, ya ja numfashi biyu masu tsawo. Na ci gaba da matsa tsumman har sai da Kaka ya riƙe mini hannu.

A al'ada in kare ya mutu jansa ake yi da igiya a kai bayan gari a bar wa ungulu. Baba ya ce ba za a yi wa Barsu haka ba. Ni da Kaka muka haƙa rami a gefen gona, wajen dutse, inda yake tsayawa yana jiran birai, muka sa shi da buhunsa muka rufe, muka jera duwatsu don kada kura ta tone. Wasu sun yi mana dariya, wai saura a yi masa sadakar uku. Baba yana tsaye tare da mu har muka gama. A kan hanyar komawa na gaya masa komai, tun daga ɗakin Inna har rantsuwar da na yi, ina jiran ya karyo tsumagiya a gefen hanya. Ya tsaya ya dube ni, ya ce man ba nasa ba ne, in je in gaya wa mai shi. Ya wuce gaba ya bar ni a baya.

Na durƙusa na zaro kwalbar daga ƙarƙashin rumbu, duk ta yi ƙasa. Inna tana tsakar gida tana tankaɗe. Na tsuguna a gabanta na miƙa mata, na ce na shiga ɗakinta ba ta nan, na ɗauki manta, ya zube, kuma totuwar bakin kwalbar ce ta kashe Barsu, na sani tun ranar farko. Ta dakata da rariya a hannu, ta dubi kwalbar kamar tana son ta tuna ta.

“Wanne mai? Na bayan randa?” ta ce. “Ai wanga ya lalace tun kahin ruwa shi sauka, hamami shikai. Na aje shi ne in riƙa ɗiga ma Barsu a tuwo, kullum sai in mance. Ɗan nan, a kan shi ka yi shiru?”

Ba ta karɓi kwalbar ba. Ta koma ga tankaɗenta, garin yana zuba a gefen faifai ba ta lura ba, can na ga ta kai bakin zane ta share ido. Ba wanda ya taɓa ni da ko tsinke a kan wannan magana, daga ranar har suka bar duniya. Ga ni yau da furfura har a gira, kuma har yanzu na fi son a ce an dake ni.